Yadda Ake Sauya Giyabos a Ƙofar Gida a Habana

Duk baƙon da ya sauka Habana, babban birnin Kyuba, motoci ne ke fara ɗauke masa ido. Chevrolet, Ford, Buick, Plymouth, ƙirar shekarun 1950, masu faɗin goshi da dogon baya. Waɗanda aka goge suna ƙyalli na nan jere kusa da ginin Capitolio, suna jiran 'yan yawon buɗe ido masu dala. Ni dai na haya na bi, waɗanda ke lodi a dandalin Fraternidad su nufi unguwanni suna tuttula baƙin hayaƙi. Gangar jikin ta Amurka ce, amma kasa kunne ka ji: kukan injin dizal ne. Direba kuma yana sa giya da sandar da ta huda ƙasan mota, alhali masu ƙerawa a jikin sitiyari suka dasa ta.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fidel Castro ya karɓi mulki a 1959, Amurka ta fara ƙaƙaba takunkumin ciniki a 1960, Shugaba Kennedy ya cike shi a 1962. Daga gaɓar Kyuba zuwa ta Amurka mil 90 ne kacal, amma ko noti ya daina ƙetarowa. Tarayyar Sobiyet ta turo Lada da Moskvich da Volga, sai ita ma ta rushe a 1991. Ga kuma doka: kafin 2011, motar da ta shigo kafin juyin juya halin Castro ce kawai mutum ke iya sayarwa yadda ya ga dama. Da aka buɗe cinikin sababbi a 2014, sai aka ga Peugeot da farashin da ya haura dala 200,000. Wanda ya gāji tsohuwar mota, to, ya gāji gona, kuma ba ya barin ta ta mutu.

A unguwar Cerro na zauna kallon aikin, a gefen titi, gaban gidan wani dattijo mai Chevrolet ta 1955. Shi ba bakanike ba ne, direban haya ne. Injin da ke cikin motar na Hyundai ne, an daɗe da sa shi. Giyabos ce ta gaji: lamba biyu tana fita da kanta in an saki totur, ga ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ya samo wata ta Toyota mai lamba biyar. Ya gaya mini, ta bakin ɗansa da ke jin Turanci, cewa lamba biyar ɗin yake kwaɗayi, domin injin dizal ba ya son gudu sama, kuma in babu ita sai mota ta riƙa ihu a kan hanya tana shan mai.

Sauke tsohuwar bai ɗauki lokaci ba. Aka ɗaga mota da jak, aka cusa gumagumai a ƙarƙashi, domin ba mai hankalin da ke shiga ƙarƙashin mota yana dogara da jak kaɗai. Aka tsiyaye man giya a gwangwani (ba a zubar ba, za a tace), aka kwance farfela da sandar giya da wayar kulochi, mutum biyu suka tallabo ta a ƙirji suka zame da ita kan kwali.

Sai aka zo inda aikin yake. Injin Koriya da giyabos ɗin Japan ba su san juna ba. Ramukan notinsu ba sa haɗuwa, don haka sai an yanka faranti na ƙarfe mai kauri, a huda masa ramuka sahu biyu, ɗaya na injin, ɗaya na giyabos, ya zauna tsakani. Dattijon ya fara da kwali. Ya ɗora shi a bayan injin, ya bi gefuna da guduma a hankali har shatin ramukan ya fito, sannan ya kai wa wani maƙwabcinsa mai injin feƙe ƙarfe a cikin falonsa. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne tsakiya. Sandar da ke fitowa daga giyabos dole ta shiga daidai cibiyar filawil, inda wani ɗan ƙaramin boris ke riƙe bakinta. In ta karkace ko da kaurin takarda biyu ne, mota za ta tafi lafiya lau na ɗan lokaci, sannan ta cinye boris, ta soma fitar da giya, a koma gidan jiya. Ya auna, ya kwance, ya sake aunawa. Kaurin farantin ma yana janye sandar baya, sai an duba ko haƙoranta sun kama faifan kulochi sosai. Faifan kuwa tilas ya zama mai haƙoran Toyota, amma mai faɗin da zai zauna a filawil ɗin Hyundai. Wannan wuyar ta cinye musu yini guda cur, ana shan baƙin kofi a ƙananan kofuna, maƙwabta na leƙowa kowa da shawararsa.

Sauran duk aikin walda ne da zarto. Sabuwar giyabos ɗin ta fi tsohuwar tsawo, aka rage farfela, aka matsar da ƙarfen da ke tallafe ta, aka faɗaɗa ramin ƙasan mota. Mitar gudu kam ba wanda ya kula ta. A yawancin motocin hayar da na shiga, allurarta a kwance take.

Kayan gyaran a akwatin matafiya suke shigowa. Dangi daga Mayami ta Amurka kan cuso boris da zoben tagullar giya tsakanin tufafi, wasu kuma har Mosko suke zuwa saro kayan Lada. Abin da bai samu ba a ƙera shi. Na ga an yanka gasket daga kwalin takalmi.

Ina kallo ina tuna Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano. Basirar nan muna da ita, babu abin da maƙerin Habana ke yi da namu zai kasa. Bambancin yana wajen mai mota. Namu, da giya ta yi ƙara, sai ya ce a je a sayo ta Baljiyam a ɗora, bai san me ya lalace a ciki ba, wataƙila zobe ne guda na kuɗi kaɗan. Na Kyuba ya buɗe tasa da hannunsa, ya san kowane haƙori. Sai dai kada a yi musu kirarin da ba su nema ba. Dattijon nan bai ɓoye ba cewa da zai samu sabuwar mota, da ranar zai jefar da sifana. Kuma abin da tsoro: injin da giya sun ƙaru ƙarfi, birki kuwa a motoci da yawa na nan irin na 1955, babu bel, ga lodi ya wuce kima.

Da aikin dattijon ya kammala, da yamma aka sauke motar ƙasa, aka zuba mai, ya zaga layi. Lamba ɗaya zuwa biyar duk suka shiga sumul, ribas ce sai an danna da ƙarfi. Ya ce zai duba ta ranar Lahadi. Washegari da asuba motar ta koma layin haya.