Kabbara huɗu da ya kamata kowane ɗalibi ya iya

A cikin sallolin da Musulmi ke yi, babu mai gajarta kamar sallar jana'iza. Ba a yi mata kiran salla, ba a tayar da iƙama, babu ruku'u, babu sujada. A tsaye ake farawa, a tsaye ake gamawa. Duk da haka, na lura cewa idan aka fito da gawa a unguwa, yawancinmu matasa sai mu ja gefe mu tsaya kallo, kamar sallar ta dattawa ce kaɗai.

Malamai sun ce wannan salla farali ce ta kifaya. Idan wasu suka yi, an sauke wa sauran nauyi. Idan kowa ya ƙi, laifin ya hau kan jama'ar duka.

Bayan an yi wa mamaci wanka an sa masa likkafani, sai a ajiye makara a gaban liman, ta ɓangaren alƙibla. Mutane su yi alwala su jeru, an fi so sahu ya kai uku. A littafin Risala na Ɗan Abi Zaidi Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukanmu, liman yana tsayawa daidai tsakiyar namiji, ga mace kuma daidai kafaɗunta. Sai a yi niyya, a ɗaga hannu a yi kabbarar farko. Mabiya Malikiyya suna yi wa mamaci addu'a bayan kowace kabbara. Wasu malaman kuma sun ce a karanta Fatiha bayan ta farko, salatin Annabi bayan ta biyu, addu'a bayan ta uku. Bayan ta huɗu sai sallama. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, don haka kada ka mai da bakin makara wurin musu, bi limaminka. Idan ka zo a makare, shiga sahu, ka cika kabbarorin da suka wuce ka bayan liman ya yi sallama.

Ranar da kakata ta rasu ina aji biyu na babbar sakandare. Kawuna ya riƙo hannuna ya ce, "Zo nan, ɗana, kai ma jininta ne." Ya tsayar da ni a sahun farko. Ba a yi minti biyar ba aka gama. A cikin mintunan nan na roƙa mata gafara, da rahama, da yalwar kabari. Matar da ta goye ni, wannan ne kaɗai abin da ya rage in iya yi mata da bakina, kuma na gode wa Allah da malaminmu na Islamiyya ya riga ya koya mana.

Ladan ma ba ƙarami ba ne. Hadisi ya nuna wanda ya sallaci gawa yana da ƙiraɗi ɗaya, wanda ya raka har aka rufe yana da biyu, kowane ƙiraɗi kamar dutsen Uhudu. Manzon Allah (SAW) da kansa ya jera sahabbai a Madina ya yi wa Najjashi, sarkin Habasha, kabbara huɗu, alhali gawarsa tana wata ƙasa.

'Yan'uwana mata, ku ma ku koya. A garuruwanmu mata ba su saba bin gawa maƙabarta ba, amma mata ne ke wanke 'yar'uwarsu, kuma a Makka da Madina ana sallatar gawa bayan sallolin farilla, mata na bin liman.

A wannan makon, ka je wurin malaminka ya biya maka addu'ar mamaci har ta zauna. Idan larabcin bai zauna ba tukuna, roƙa wa mamaci gafara da kalmomin da ka iya. Wata rana mahaifinka ko mahaifiyarka ne za a ajiye a gaba, kuma addu'arka za su fi buƙata.