"Daure, Yana Ci Ne"

Kwana uku kafin bikin yayata a Kiru, a hutun da ya biyo bayan SIWES, na shiga wani salun da niyyar in fito kamar ni ce amaryar. Da safiyar ranar na tsefe kitson da ya yi wata ɗaya a kaina, na kuma sosa kan da tsinken tsifa son raina. Mai salun ta lafta mini rilaksa, ko minti biyar ba a yi ba na ji kamar an zuba mini garwashi.

Na ce, "Anti, zafi fa!"

Ta ce, "Daure ƙanwata, yana ci ne."

Na daure. Da ta wanke, sai ta ce bakin gashin ya yi ja, a ɗan sa dayis ya yi baƙi wuluk. Wallahi ban yi musu ba.

Ƙunar rilaksar a daren ta nuna kanta: ƙeyata ta riƙa tsatsafo da ruwa, gashi ya manne da fata. Na dayis ɗin kuwa sai ranar kamu ya iso. Kunnuwana suka kumbura, goshi ya yi ƙuraje, fatar idona ta yi suntum. A duk hotunan bikin babu fuskata ko ɗaya, ina ɗaki da tsumma da ruwan sanyi. Gwaggona da ta zo daga Doguwa ta leƙo, ta ce, "To, garin neman gira."

A asibiti likita ya raba mini abin gida biyu. Na farko ƙuna ce kawai, kowa zai iya samu. Na biyu alaji ne, jikina ya ƙi wani sinadari da ake kira PPD, wanda ke cikin yawancin baƙin rinin gashi. Irin wannan ba ya tashi nan take, yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku, kuma idan jiki ya riga ya ƙi shi, yawanci ya ƙi shi ke nan har abada. Sai ya dubi hannuna ya ce, "Baƙin lallen nan ma ki bar shi, ana zuba shi a ciki." Wannan ce ta fi yi mini ciwo.

Abin kunyar, ɗalibar SLT ce ni. Da muka dawo makaranta na ɗebo ragowar rilaksar wata 'yar ɗakinmu, 'yar Tiga, na ɗiga ruwa na taɓa ta da jar takardar litmus. Nan take ta koma shuɗiya. Na juya robar na karanta: sodium hydroxide. Sodar da matan unguwarmu a Tudun Wada ke haɗa sabulu da ita, wadda a lab ba a barinmu mu taɓa sai da safar hannu. Fatar kai pH ɗinta wajen 5.5 ne, rilaksa kuwa tana kai 12 zuwa 14. Wadda aka rubuta wa "no-lye" ma ba ruwan sanyi ba ce, calcium hydroxide ne da guanidine. Zafin da ake ce mana alamar aiki ne, fata ce take ƙonewa, ballantana kan da aka sosa ya riga ya yi rauni.

Shekara guda ke nan ban sa rilaksa ba, kuma ba zan yi muku ƙarya cewa da daɗi ba. Gashina ya koma ainihinsa, mai tauri, masu kitso suna mita. Ni ma ina yi musu tawa: kada a ja mini gaban goshi, don kitso mai ɗaure fuska shi ke cinye gashin gaba. Gwaggo ta aiko mini da karkashi, yauƙinsa na warware gashi ba tare da mataji ya yi ta fizga ba. Ta haɗo da man shanu, amma shi ban jitu da shi ba. Da na lafta a fatar kai, ga hijabi ga zafin Kano, sai amosani ya taso. Yanzu man kaɗanya kaɗan nake shafa wa gashin, ban da fatar, kuma ba na rufe kai sai ya bushe sarai, ko da zan makara lakcar ƙarfe takwas. Duk sabon mai sai na duba lambar NAFDAC, na shafa ɗan kaɗan a bayan kunne na jira awa 48. Lambar ba ta hana alaji, gwajin ne ke faɗa mini gaskiya.

Saura batun lalle. An sa ranata bayan mun gama jarrabawar ƙarshe, kuma ƙawayena sun riga sun zaɓo zanen fulawa baƙi har gwiwar hannu. Na ce ja zalla zan yi, na ganye, wanda Gwaggo za ta daka da hannunta. 'Yar Tigar nan ta ce za a ce amaryar ƙauye ce. Jiya na tura mata hoton fuskata na ranar kamun Yaya, wanda ban taɓa nuna wa kowa ba. Ta buɗe, har yanzu ba ta ba ni amsa ba.