Ginin Ƙasa Ma Abin Zanawa Ne



Da yawanmu in an ce Amurka, dogayen benaye ne ke zuwa mana a rai. To a can ma akwai gine-ginen ƙasa, kuma manyan masu zane sun yi ta rububinsu. Ni da nake son zane, labarinsu ya tsaya mini a zuciya.

A da, Sifaniyawa ne ke mulkin yankin da yanzu ya zama kudu maso yammacin Amurka. A Kalifoniya kaɗai 'yan mishan ɗinsu sun kafa majami'u 21 daga 1769 zuwa 1823, yawancinsu da tubalin ƙasa busasshen rana. 'Yan asalin yankin ne suka yi aikin, da yawa bisa tilas, kuma cututtuka sun kashe dubbansu. Bayan gwamnatin Meziko ta karɓe wuraren daga hannun 'yan mishan wajen 1834, sai aka yi watsi da su, ruwan sama ya dinga cin bangon.

A haka masu zane suka same su. Henry Chapman Ford ya fitar da zanensa na majami'un a 1883, Edwin Deakin kuwa ya zana duka 21. Mutane suka ga abin da ke shirin salwanta, wannan ya taimaka aka tashi gyara.

Wadda ta fi burge ni ita ce Georgia O'Keeffe. A 1929 ta je Taos a jihar Niyu Meziko, ta zana majami'ar San Francisco de Asís. Bayan ginin ta fi zanawa, inda babu ƙofa babu ado, sai katon bango mai kauri da inuwa a jikinsa. Har yau kowace shekara mutanen garin suna haɗuwa su yi masa yaɓe da laka da ciyawa, kamar yadda ake yi wa gidajenmu kafin damina.

Mu kuwa in malami ya ce a zana gida, kusan kowa bene yake zanawa da mota a ƙofa, alhali da yawanmu a gidan ƙasa muke kwana. Ina ganin kunya ce ke sa mu haka. Amma zauren kakana da zankonsa da indararonsa bai fi ƙarfin fensir ba, kuma kowace damina wani soro yana faɗuwa a unguwarmu a maye shi da bulo.

Shawarata ita ce, a hutun nan kowa ya zana tsohon gini ɗaya na unguwarsu. Ya tambayi dattawa magini nawa suka yi shi, ya sa su a zanen suna cuɗa ƙasa. In mun dawo, mu liƙa a wannan allo.

Ɗalibar aji biyu, ƙaramar sakandare