Manyan Tayoyi Da Haƙori Ɗaya

Duk wanda ya san sha'anin sufuri a kan tsaunin Mambila, cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, ya san cewa damina ita ce alƙalin mota. Da zarar an bar kwalta an nufi ƙauyuka, jar ƙasa ce mai santsi, wadda manyan motoci kan rarake ta gefe biyu su bar ƙunya a tsakiya. Motar da cikinta ya yi kusa da ƙasa sai ta hau ƙunyar nan ta zauna daram, tayoyi suna ta juyawa a banza. Wannan shi ya sa masu a-kori-kura da dama kan yi sha'awar sa manyan tayoyi. Amma kaɗan ne daga cikinsu kan tsaya su tambayi abin da babbar taya za ta nema daga wurin inji.

Akwai wani magidanci a Nguroje da ya sha wannan karatu da tsada. Shanun gadonsa ya sayar, ya haɗa da rance, ya sayi tsohuwar Toyota Hilux mai shan fetur, mai jan gaba da baya, yana ɗauko dankali da masara da piya daga ƙauyuka yana gangarowa da su ƙasa. Motar nan ita ce gonarsa, ita ce kuma garkensa. A daminar 2023, da kafewa ta ishe shi, sai ya cire tayoyinta masu tsayin inci 30 ya sa masu inci 33. Motar ta ɗaga, ta yi kwarjini, 'yan tasha suka yi ta sa albarka. Ƙunyar da ta saba riƙe shi kuwa sai ga shi yana wuce ta lafiya lau.

Murna ba ta daɗe ba. Motar da a da take tashi da cikakken lodi ba gardama, yanzu sai an danna totur an riƙe kuloci rabi da rabi kafin ta motsa. Hawan da take ci da lamba uku ya koma na lamba biyu. Lamba biyar kuwa ta zama ado, don da an sa ta sai inji ya shiga numfarfashi. Daɗin daɗawa shan mai ya ƙaru, a daidai lokacin da janye tallafin fetur na ranar 29 ga Mayu, 2023 ya sa kowace lita ta zama abin lissafi. Kafin kaka ta yi, kulocin ya ƙone masa a tsakiyar hawan da ke tasowa daga Mayo Selbe, yana ɗauke da buhunan siminti na wani. Ba don yaron motarsa ya yi saurin dirowa ya sa waigi ba, da labarin ya sha bamban.

Ya canza kuloci, ya sa an duba fulogi da kafireto, har ya fara zargin ko injin ne ya gaji. Ana nan sai ya je gaida kawunsa a Gembu, wani dattijo da ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota kafin ƙarfi ya ƙare. Tsohon ya zagaya motar, ya dafa taya, ya ce, "Ɗana, injinka lafiyarsa ƙalau. Ƙafa ka ƙara wa jakinka, ba ka ƙara masa wuya ba."

Ya ce, "Kawu, inci uku kacal fa na ƙara."

Tsohon ya ce, "To, zauna mu ƙirga inci ukun nan."

Ga yadda lissafin yake. Taya mai inci 30 idan ta juya sau ɗaya takan ci ƙasa kimanin santimita 239, mai inci 33 kuwa kimanin 263. Watau kowane juyi ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, alhali ƙarfin da inji yake aikowa yana nan yadda yake. Saboda haka ƙarfin turi da ke isa ƙasa ya ragu da kusan ɗaya bisa goma, tamkar mutum ya tashi mota da giyar da ta fi wadda ya sa. Maleji ma ya daina faɗin gaskiya: idan allura ta nuna kilomita 80, motar 88 take yi, idan kuma ya ƙirga kilomita 100, an yi 110. Har wa yau ga matsalar tudu. Mambila tana da tsayin wajen mita 1,600 daga teku, iska ba ta da kauri a can, injin da ba shi da turbo kuwa yakan yi asarar kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa. Asara ce a kan asara. Abin da mutumin ya samu a madadin duk wannan shi ne ɗagawar aksil da inci ɗaya da rabi, watau ƙasa da santimita huɗu, domin rabin tsayin taya ne kawai ke ƙarƙashin aksil.

Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne maganar gangara. Direban kirki da giya yake sauka tsauni, inji ya riƙe mota, birki ya taimaka. Babbar taya tana rage wannan riƙo, tana kuma ƙara wa birki wahala. Birkin da ya yi zafi a gangaren Mambila kuwa ba ya jiran a kai gareji.

Hanya biyu ce ta rage masa. Ko dai ya mayar da ƙananan tayoyi ya haƙura da ƙauyukan da suka fi kawo masa kuɗi da damina, ko kuwa ya sa a buɗe aksil a canza giyar da ke ciki. A tsakiyar aksil, cikin wannan ƙullutu mai kama da tulu, akwai giya biyu: ƙarama wadda farfela ke juyawa, da babba mai kamar faifai wadda ke juya tayoyi. Da bakanike ya buɗe ya ƙirga, babbar haƙora 41 gare ta, ƙaramar 10. Ma'ana farfela za ta juya sau 4.10 kafin taya ta juya sau ɗaya. Ƙa'idar gyaran mai sauƙi ce: a ninka tsohuwar lamba da tsayin sabuwar taya, a raba da tsayin tsohuwa. Idan aka ninka 4.10 da 33 aka raba da 30, za a sami 4.51. Mafi kusa da wannan cikin waɗanda ake ƙerawa ita ce 4.56, mai haƙora 41 da 9. Bambancin duka haƙori ɗaya ne.

Amma haƙorin nan ɗaya ya ci masa kuɗin bijimi. Ba a canza ƙaramar giya a bar babba, domin tare ake goge su tun daga masana'anta, kowace da abokiyar zamanta. Ba a kuma gyara aksil na baya a bar na gaba a motar da ke ja da ƙafa huɗu, don idan lambobinsu suka saɓa, gaba da baya za su riƙa jayayya har wani abu ya karye. Ga boris da robobin tare mai da ya kamata a sabunta tun da an riga an buɗe. Matarsa ta yi shiru da ta ji adadin, daga baya ta ce, "Maigida, tayoyin dai kowa ya gan su. Wannan kuwa a cikin ƙarfe za a rufe shi." Gaskiya ta faɗa. Bijimin ƙarshe da ya rage masa aka kai kasuwa.

Aikin ba na kowane mai riƙe sifana ba ne. Bakaniken ya yini yana sawa yana cirewa, yana ƙara siraran ƙarafa masu kaurin takarda a bayan ƙaramar giya, yana auna 'yar tazarar da ke tsakanin haƙora, wadda ba ta kai kashi ɗaya bisa biyar na milimita ba. Ya shafa fenti a haƙoran ya juya, don ya ga inda suke taɓa juna. Idan shaidar ta fito a baki ko a gindi, sai a sake. Sai ta zauna a tsakiya. Giyar da aka ɗaura da gaggawa takan yi kuka a hanya, ba ta kuma daɗewa. Bayan an gama, sai da ya yi wajen kilomita 800 ba tare da lodi mai nauyi ba, yana tsayawa aksil ya huce, sannan aka zubar da man giya aka zuba sabo. Kwanakin nan ma asara ce ga mai bashi a wuya, amma ya daure.

Motar ta dawo hayyacinta. Tana tashi da lodi ba a ƙona kuloci, lamba biyar ta sami aiki, maleji ya koma kusa da gaskiya saboda a irin waɗannan tsofaffin motoci daga bayan akwatin giya yake ɗaukar ƙirgensa. Sai dai akwai abin da giya ba ta gyarawa. Babbar taya ta fi nauyi, shan mai bai koma daidai yadda yake a da ba, birki da boris kuma suna ci gaba da ɗaukar wahalar da ba a ƙera su dominta ba, tilas a riƙa duba su a kai a kai.

Saboda haka, mai karatu, idan kana da a-kori-kura kuma manyan tayoyi sun shiga ranka, ɗauki alƙalami kafin ka ɗauki kuɗi. San tsayin tayarka, san lambar aksil ɗinka, ka haɗa kuɗin giya da na bakanike a kan kuɗin taya. Idan jimlar ta fi ƙarfin aljihunka, tayar da masana'anta ta sa ba abin kunya ba ce. Allah Ya kiyaye hanya.