Ga ƙannenmu 'yan Sabo da suka samu jami'a

Lokacin da muka shiga jami'a a nan Ibadan, rayuwarmu daga aji sai masallaci, sai ɗakin kwana. Yarbanci kam muna ji kamar 'yan gari, amma kunya ta hana mu shiga ƙungiyoyin ɗalibai. Sai a shekara ta uku muka gane cewa a can ake jin labarin tallafin karatu da guraben koyon aiki. Kafin nan wani abokinmu ya ajiye karatu saboda kuɗin rajista, alhali ana ta cike fom ɗin tallafi bai sani ba.

Ƙannenmu, tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND, kuma babu kuɗin ruwa. Ku riƙa duba allon sanarwa, ku tambayi malamanku. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba ku sa'a.