Ƙarfe Ɗaya Ba Ya Amo

Duk wanda ya tashi sayen babur, fenti da fitila da sirdi yake fara dubawa, sa'an nan ya sa a tayar masa da inji ya saurari amonsa. Da wuya a ga wanda ya durƙusa ya dubi sarƙa, domin tana can ƙasa cikin ƙura da baƙin mai. Alhali kuwa duk ƙarfin da injin ya tara, ta wannan sarƙa yake bi kafin ya isa ga taya. Ita ma sarƙar ba ita kaɗai take aiki ba. Tana da abokan zama guda biyu, wato faifan nan masu haƙora da ake kira sifiroket, ƙarami a jikin inji, babba kuma a baya. Su ukun tare suke aiki, tare suke tsufa, saboda haka tare ya kamata a sauke su. Wannan shi ne abin da muke so mu tattauna da mai karatu, gwargwadon abin da idonmu ya gani, hannunmu kuma ya taɓa.

Mu shida ne, ɗaliban wannan jami'a, muka yi aikin hutu a wata gonar kiwon shanu da kaji da ke bayan gari. A can muka saba da babur mai taya huɗu, wanda ake ɗaukar buhunan dusa da jarkokin ruwa da shi daga rumbu zuwa garke. Sirdinsa da hannunsa irin na babur ne, amma tayoyinsa masu faɗi ne, ba a cika su da iska sosai, don kada su nutse a laka. Asalinsa mai taya uku ne, wanda kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fitar a 1970. Kamfanin Suzuki ya fito da mai taya huɗu a 1982, sa'an nan a 1988 aka daina sayar da sababbin masu taya uku a Amurka saboda yawan kifewa da suke yi da mutane. Manoma da makiyaya a Amurka da Ingila da Ostireliya sun riƙe mai taya huɗun tamkar jakin gida. Da yawa daga cikin manyan, ƙarfin inji yana bi ne ta wani sandan ƙarfe da ke rufe. Ƙananan kuwa da na tsere, irin wanda muka tarar a gonar, sarƙa ke jan su.

Sarƙar ba tsohuwar ƙira ba ce sosai. Wani injiniya ɗan asalin ƙasar Suwizalan mai suna Hans Renold, wanda ya kafa masana'anta a birnin Mancasta na Ingila, shi ya fito da irin wannan ƙira a 1880. Kowace gaɓa tana da fallayen ƙarfe a gefe da gefe, da ƙusa da ta ratsa su, da ɗan bututun da ƙusar ke juyawa a ciki, da kuma zoben da ke zama a tsakanin haƙoran faifai. Lambar da ake bugawa a jikin sarƙa kuwa awo ce. Idan lambar ta fara da 4, kamar 420 ko 428 da yawancin ƙananan baburanmu ke amfani da su, to, tsakanin ƙusa da ƙusa milimita 12.7 ne, wato rabin inci. Idan ta fara da 5, kamar 520 da ke jikin baburin gonar, tazarar milimita 15.875 ce. Haƙoran faifai ma a kan wannan tazara aka yanka su, shi ya sa sabuwar sarƙa ke kwanciya a kan sabon faifai ba tare da gardama ba.

Mutane kan ce sarƙa ta miƙe, kamar dai roba ce. Gaskiyar maganar ita ce cinyewa take yi. Duk lokacin da gaɓa ta lanƙwasa a kan faifai, ƙusa tana gugar bututu, idan kuma yashi ya shiga tsakani ya haɗu da mai, sai ya zama tamkar dutsen wasa wuƙa. A daminar wannan yanki na kudu, inda ake wuni ana ruwa kuma jar laka ta kama komai, cinyewar ta fi sauri. Alal misali, idan sarƙa mai gaɓa 100 ce, kowace ƙusa kuma ta ci milimita 0.2 kacal, tsawon sarƙar ya ƙaru da milimita 20 ke nan. Daga nan zobba ba sa ƙara zama a gindin haƙora, sai su riƙa hawa sama suna sassaƙar su, har haƙoran su yi tsini su lanƙwashe kamar ƙaho. Ƙaramin faifai shi ya fi shan wuya. Idan yana da haƙora 14, na baya kuma 42, sai ya juya sau 3 kafin na baya ya juya sau ɗaya. Ga shi kuma a ɓoye yake a bayan murfi, babu mai ganin halin da yake ciki.

Lokacin da sarƙar baburin gonar ta fara ƙara tana tsallake haƙori idan an hau tudu da kaya, sai aka kira wani dattijon bakanike mazaunin unguwar Sabo. Bai fara da sifana ba. Ya kama sarƙar a can bayan babban faifai ya ja ta baya, sai ga fiye da rabin haƙori ya bayyana a fili. Sa'an nan ya auna tazarar ƙusa 21 a jere, wadda a sabuwar sarƙa mai lamba 520 milimita 317.5 ce, ya ga ta wuce iyakar da littafin baburin ya gindaya. Manajan gonar ya riga ya sayo sabuwar sarƙa, nufinsa a ɗaura ta a ci gaba da aiki.

"Baba, ai faifan ba su karye ba. A sa sarƙar kawai, in an yi albashi sai a duba sauran."

"Yallaɓai, kuɗinka ne, amma hannuna ne. In na ɗaura ta a kan waɗannan haƙora, kafin kaka za ka sake kirana, kuma sarƙa biyu za ka saya maimakon ɗaya. Wannan ma in ba ta tsinke da yaran nan a kan gangara ba ke nan."

Bai ƙara magana ba, sai ya naɗa sabuwar sarƙar a kan tsohon faifan ya kira mu mu duba. Haƙora biyu ko uku ne kawai suka kama zobba sosai, sauran kuwa ana hango haske ta tsakani. Nauyin da ya kamata haƙora masu yawa su raba, 'yan kaɗan ne za su ɗauka. Manaja ya yi shiru, ya aika aka sayo faifan biyu.

Tsarin aikin da ya biyo baya shi ne ya fi zama mana darasi, domin kowane mataki yana da dalilinsa. Da farko an tsayar da baburin a shimfiɗaɗɗen wuri, an kashe inji, an zare makulli, an tokare tayoyin gaba, an wanke lakar da ta daskare. Sa'an nan aka cire murfin ƙaramin faifai. A nan dattijon ya ce, "Samari, kada wanda ya taɓa sarƙar nan tukuna." Ya sa ɗayanmu ya hau ya taka birkin baya, shi kuma ya sassauta notin ƙaramin faifai. Hikimar ita ce, muddin sarƙa na nan, birki yana riƙe faifan ta hanyarta. Wanda ya yi gaggawar cire ta zai tarar faifan yana bin sifana yana juyawa, babu abin da zai tokare shi. Haka nan aka sassauta notocin babban faifai da na taya tun baburin yana ƙasa, kana aka ɗaga bayansa aka ɗora a kan katako mai ƙwari.

Bayan haka aka saki sukurorin da ke riƙe gidan sandan tayoyin baya, aka turo shi gaba har sarƙa ta yi sako-sako. Aka juya taya sannu a hankali har aka ga gaɓar mahaɗi, wadda ke da ɗan siririn ƙarfe mai baki biyu da ya kulle ta. Da filaya aka ture shi, aka zare gaɓar, sarƙa ta zube ƙasa. Akwai sarƙoƙin da ba su da wannan makulli, an daddale kan ƙusoshinsu ne, waɗannan sai an goge kan ƙusa an tura ta da na'urar yanke sarƙa. Da aka zare ƙaramin faifai, dattijon ya nuna mana fuskar da ke kallon waje don kada a juya sabon, ya kuma duba robar da ke bayansa ko tana yoyon mai. Tayoyin bayan irin wannan babur sanda ɗaya ke riƙe su, babban faifai kuma a jikin sandan yake, saboda haka sai da aka cire tayar wannan ɓangare kafin a zaro shi. Kafin a ɗaura komai, ya jijjiga sandan ya ji ko akwai wasa a cikinsa, ya kuma duba robar da sarƙa ke gogawa a kai.

Wajen mayarwa, an ɗaure notocin babban faifai ɗaya nan ɗaya can, a gicciye, domin ya zauna daidai. Aka shimfiɗa sabuwar sarƙa kusa da tsohuwa, amma gaɓoɓi aka ƙirga, ba tsawo aka gwada ba, tun da tsohuwar ta riga ta fi asalinta tsawo. Aka zagaya da ita, aka haɗa bakunan biyu a kan haƙoran babban faifai, inda suke riƙe kansu har a soka gaɓar mahaɗi. Ɗan ƙarfen makulli kuwa, rufaffen kansa ne ke kallon inda sarƙa ta dosa, buɗaɗɗen bakin yana baya, don kada ciyawa ko kara su ture shi a cikin tafiya. Daga nan aka sake taka birki aka ɗaure notin ƙaramin faifai, aka lanƙwasa masa sabuwar wasar kulli.

Saura ɗame sarƙa, wanda a nan ne masu ganin ƙwazo ke yin ɓarna. Sarƙa tana bukatar wasa. Yawancin littattafan babura suna ba da tsakanin milimita 25 zuwa 40 na motsi sama da ƙasa a tsakiyarta, kowane babur da nasa awon. Dalili shi ne, idan an hau ko an faɗa rami, bayan babur yana dannuwa, sarƙa kuma ta ƙara ɗamewa. Wadda aka ja ta yi tsam kamar tsirkiya, ita ke lalata ƙwallayen da sandan inji ke juyawa a kansu, ta kuma jawo yoyon mai. Wadda aka bari ta yi sako-sako ƙwarai kuwa tana iya sauka daga faifai ta cushe, ta kulle tayoyin baya ko ta fasa jikin inji. Dattijon ya auna a wurare uku yana juya taya, ya sa mafi nauyinmu ya hau, ya sake aunawa. Ya shafa mai ta cikin sarƙar, inda take haɗuwa da haƙora, yana juya taya da hannu. Ya gargaɗe mu da kakkausar murya cewa ba a goge sarƙa da tsumma inji yana aiki, domin yatsan da faifai ya kama ba ya dawowa. Ya ce a wanke ta da kananzir da buroshi mai laushi, musamman irin wadda ke da 'yan zobban roba masu riƙe maiƙo a ciki, domin fetur yana lalata su. Ya kuma ce a sake duba wasanta bayan tafiyar farko.

Babu abin da muka faɗa a nan da bai shafi baburan da muke hawa zuwa aji ba, ko waɗanda 'yan uwanmu ke neman abinci da su a titunan biranen kudu. Bambancin kaɗan ne. A mai taya biyu, dole a daidaita alamomin da ke gefe biyu na tayar baya, domin faifan su kasance a layi ɗaya. Mun san kuma abin da ke kai mutum ga rabin gyara, wato ƙarancin abin hannu, ba rashin hankali ba. Wanda zai biya kuɗin haya da kuɗin makaranta, in an ce masa ya sayi abu uku maimakon ɗaya, dole ya ji nauyi. Wani ma yakan sa a cire masa gaɓa ɗaya a sake haɗawa, wani kuma a juya masa tsohon faifai. Duk waɗannan ba sa mayar da ƙarfen da ya cinye, ranar biya kawai suke ɗagawa, kuma ba a san ko a gareji za a biya ko a asibiti ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Shawararmu ga ɗan uwa mai babur ita ce ya durƙusa yau ya ja sarƙarsa daga bayan faifai ya gani. In ta nuna rabin haƙori, ya fara tanadin kuɗin abu uku, ya rage kaya da gudu har su cika. In kuma ya dace da bakaniken da ya ƙi ɗaura masa sabuwar sarƙa a kan tsohon faifai, kada ya ɗauka neman ciniki yake yi. Ya riƙe shi da kyau, domin ya fi wanda zai ce masa to ba tare da ya duba ba.