Bindigar da Kafaɗa Za Ta Iya Ɗauka

A ƙasarmu maharbi ba ya shiga kanti ya zaɓi bindiga. Maƙeri ne ke ƙera masa bindigar toka, shi kuma ya auna albarushinsa da tafin hannu gwargwadon naman da ya nufa, na gada daban, na gwanki daban. A ƙasar Amurka kuwa tuni an gama wannan awo a masana'anta, an rufe shi cikin kwanso, an buga masa lamba. Abin da ya rage wa mafarauci shi ne ya zaɓi lambar, kuma a nan gardama take, gardamar da ta fi shekara ɗari ba ta mutu ba.

Na shiga cikin wannan gardama a shekarar 2016, lokacin da nake karatu a birnin Madison na jihar Wisconsin, a jami'ar da marigayi Neil Skinner ya daɗe yana koyar da Hausa. Wani abokin karatuna, ɗan manoma, ya gayyace ni farautar barewa a gonarsu. Na ce barewa ne don rashin sunan da ya fi shi kusa, amma tasu ta fi tamu girma nesa, ƙarƙashin wutsiyarta fari ne, kuma namijinta yakan zubar da ƙahonsa kowace shekara ya tsiro sabo. Kwana tara kacal ake buɗe babbar farautarta ta bindiga, a ƙarshen watan Nuwamba. Dokar ƙasar ta hana baƙo mai takardar izinin karatu riƙe bindiga, sai fa idan yana da lasin farauta, kuma kafin a ba ni lasin sai da na zauna darasin kiyaye haɗari tare da yara 'yan shekara goma sha biyu.

Lambobin nan da ke ruɗa baƙo, asalinsu faɗin harsashi ne bisa ma'aunin inci. Sai dai Turawa ba su bi ƙa'ida ɗaya wajen raɗa sunayen ba. A .30-06, talatin ɗin faɗi ne, 06 kuwa shekarar 1906 ce, lokacin da sojan Amurka suka fara aiki da shi. A .30-30, wanda ya fito a 1895, talatin ta biyu nauyin albarushin cikinsa ce a wancan zamani. An fitar da .270 a 1925, .308 a 1952, sannan aka matse wuyan kwanson .308 aka sami .243 a 1955. Kamfanin Hornady ya kawo 6.5 Creedmoor a 2007, kuma a lokacin da nake can shi ne abin yayin samari, har dattawa na yi musu dariya a kansa.

Abin da na lura da shi tun farko shi ne, duk wanda ka nemi shawararsa, bindigar ubansa zai yaba maka. Mahaifin abokina ya rantse da tsohuwar Winchester 94 mai harsashi .30-30, wadda John Browning ya tsara, domin ita ya gada, kuma gaskiyarsa ne cewa gajera ce, mara nauyi, mai daɗin kutsawa cikin sarƙaƙiya. Ƙanin mahaifin ya yi aikin soja, saboda haka ba ya jin kira sai na .30-06. Mai kanti kuma, da yake ciniki ya fito yi, ya ɗauko mini wata ƙatuwa daga jinsin da suke kira magnum, yana ba ni labarin yadda take kayar da dabba daga nisan yadi ɗari huɗu. Ban ga laifinsa ba, amma na tambayi kaina ina zan ga yadi ɗari huɗu a gonar da itatuwa ke tare ido kafin yadi ɗari.

Akwai abin da masu yabon manyan bindigogi ba su cika faɗa ba, wato shuri. Duk ƙarfin da ya tura harsashi gaba, yana tura ƙotar bindiga baya, kuma kafaɗar maharbi ce ke karɓa. Ciwon ba wani abu ba ne, illar tana ga abin da jiki ke koya. Idan bindiga ta shure mutum sau biyar, a na shida jikinsa zai riga ta: ido ya ƙifta, kafaɗa ta noƙe, yatsa ya fizgi kunama maimakon ya matsa ta a hankali, duk kafin harsashi ya bar bututu. Maharbin ba zai san ya yi ba. Takardar saiti ce kaɗai za ta gaya masa, ko kuwa dabbar da ya sama a ciki ko a cinya, ta shige daji da rauni, ta kwana tana shan azaba, ta mutu inda ba mai cin namanta sai dila. Wurin da ake so a sama, wato huhu da zuciya a bayan ƙafar gaba, bai wuce faɗin faifai ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Saboda haka muka tafi filin gwaji da aron bindigogi uku. Ni ba mai jiki ba ne. Da .30-06 harbina uku na farko suka taru, na baya suka watse. Da .243, wadda shurinta bai wuce kusan rabin na waccan ba, na zuba harsashi goma a yadi ɗari, tafin hannu ya rufe su duka. Ƙanin mahaifin abokina ya taɓe baki ya ce bindigar mata da yara ce. Na bar shi da maganarsa. A Ingila, dokar barewa ta 1991 ta yanke .240 a matsayin mafi ƙanƙantar faɗin da aka yarda a harbi manyan barewa da shi, wato .243 tana bakin iyaka ne, amma ta cikin iyakar take. Sharaɗinta shi ne mai ita ya san haddinta: kada ya harbi dabbar da ta ba shi baya, kada ya yi gangancin nisa, ya haƙura har sai ta ba shi gefe. Na sayi irin mai sakata, wadda ake ja da hannu bayan kowane harbi, na ɗora mata madubin hange mai sauƙin kuɗi.

Zaɓen kan harsashin ya fi ɗaukar mini lokaci. Na soja, mai rufin ƙarfe har baki, yakan huda ya wuce bai buɗe ba, don haka bai dace da farauta ba. Na farauta an yi shi ne ya baje kamar laimar kwaɗi da zarar ya shiga jiki. Mafi yawansu dalma ce a ciki, ita kuwa dalma tana farfashewa ta bar ɓurɓushi a nama, wanda ido ba ya gani, kuma guba ce, musamman ga ƙananan yara. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma baki ɗaya tun daga 2019. Ni tun a lokacin na zaɓi na zallar tagulla duk da tsadarsa, domin na san inda naman zai je: gidajen 'yan'uwanmu ɗalibai masu iyali, waɗanda naman yanka ke yi wa tsada.

Ran kwana na uku da buɗe farauta, da hantsi, ina zaune a gindin wata bishiya cikin rigar ruwan lemo da doka ta wajabta, sanyi ya kusa kashe mini yatsu, sai wata macen barewa ta fito bakin gonar masara da aka girbe. Nisan bai fi yadi saba'in ba. Ta daɗe tana fuskantata, ni kuma na daɗe ina jira, har ta juya ta ba ni gefe. Na yi bisimilla na matsa kunama. Ta yi tsalle, ta ruga kamar taku ashirin, ta faɗi. Na iske ta da sauran rai na yanka.

Gida shida suka ci naman. Bindigar kuwa, da zan dawo na sayar wa dattijon nan da ya raina ta, ya ce jikarsa zai ba. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ba ta barin mutum ya shigo da irinta haka kawai, kuma ko da ta bari, barewar da ta rage a dazukanmu ba ta kai a ɗaga mata bindiga ba.